Layi na Bakwai

Ni ce tafinta a ɗaki na huɗu,
asibitin Garwa, ɓangaren da fanka ta mutu tun bara.
Ana gwajin maganin hawan jini.
Aikina in juya Faransanci ya zama Hausa,
in kwashe Fulatanci in zuba a takarda,
in riƙe hannun mai tsoron allura.

Layi na ɗaya suna, na biyu shekaru,
ba sa gardama, ko da ƙiyasi ne daga shekarar fāri.
Layi na bakwai ke tsayar mini da biro:
ƙabila. Gurbi biyar, a zaɓi guda.

Ran Talata Baba Sanda ya zo daga Lagdo,
ƙarnin kifi bai saki rigarsa ba.
Na ce, Baba, kai wane iri ne?
Ya yi dariya har jan goro ya bayyana.
Ya ce, 'yata, irin gero kike nufi ko na dawa?
Ubana Bahaushe, fatauci ya kawo shi, bashi ya zaunar da shi.
Uwata Bafulatana, ita kuma 'yar Musgum ta haife ta.
Kakata ta wajen uba ba a faɗin garinsu,
sayo ta aka yi, aka yi shiru.
Zuba ni a gurbin da ya fi faɗi.

Dokta Jonga ya ɗago kai daga takardunsa.
Ya ce ba cin fuska ba ne, tambayar da dalilinta:
ƙwayar da aka auna a jikin mutanen wata nahiya
takan iso nan kamar takalmin gwanjo,
ta yi wa wani daidai, ta ci wa wani diddige.

Wannan ban nemi mai fassara mini ba.
Shekara uku mahaifina na haɗiyar farar ƙwaya
a kan lokaci, kamar salla.
Jinin bai sauka ba, tari ya raba shi da barci.
Ranar da ya kife a kan keken ɗinki
kwalin na aljihunsa, saura biyu.
Har yau ina tambaya,
cikin waɗanda aka gwada ta a kansu
ko akwai mai kama da shi.

To ku auna mu. Ina so a auna mu.
Sai dai jini bai iya yare ba.
Na ga kwalabe arba'in jere cikin ƙanƙara,
na Kotoko, na Shuwa, na Tupuri, har da nawa,
ban ji wadda ta gai da 'yar'uwarta da harshen gida ba.
Abin da hanta ke yi da magani
ba lalle ya bi tsagar kumatu ba.

Takardar ba ta tambayi gishirin busasshen kifi ba,
ko kanwar da ke cikin kunu,
ko sassaƙen maɗaci da Baba ke jiƙawa da asuba,
ko jaka biyun kuɗin mota
da ke sa shi gutsura ƙwaya ɗaya ta kwana biyu.
In jinin ya ƙi sauka
sai a rubuta: haka ƙabilarsu take.

Da la'asar mota ta kwashi kwalabe zuwa filin jirgi.
Jinin Baba Sanda zai ƙetare teku ba fasfo,
shi ko Yawunde bai taɓa zuwa ba.
A bakin ƙofa ya riƙe mini gefen mayafi:
In maganin ya nuna, ta nan zai biyo?
Nawa za su sayar mana?
Wannan amsar ba ta cikin abin da aka ba ni in fassara.

Na koma kan layi na bakwai.
Na bar gurbi biyar ɗin fayau,
na juya takardar, na rubuta a bayanta
uban, da uwar, da 'yar Musgum, da wadda aka sayo,
da gishiri, da kanwa, da kuɗin mota.
Gobe za a kira ni ofis, na sani.
Kwamfuta ba ta karanta bayan takarda.